Ba Nawa Ba, Wanne?

Ƙanƙara ta fara sakin duwatsu.
Afrilu ne, a kudancin Norway,
rafin da ke bayan gonar Torleiv ya cika har wuya,
garau, kana ƙirga tsakuwar ƙasansa.

Ya riga ni zuwa gaɓa.
'Ya'yan kifi bakwai ya jera cikin hularsa,
baki a buɗe, kamar an katse musu magana.
"Ragnfrid, takardarku ta bara cewa ta yi
alminiyam ɗin nan bai kai na tafkin tudu ba.
Can kuwa kifi har tsalle suke.
To nawa ne ke kisa?"

Ban amsa ba. Yatsuna sun ƙage,
murfin kwalba ya ƙi buɗuwa.

Na ɗibi ruwa, na raba shi uku.
Kashin farko na zuba masa tsami,
ya amayar da duk abin da ya ɓoye.
Wannan jimla ce.
Jimla kuwa kamar a ce gari na da wuƙa dubu,
ba a faɗi nawa ke cikin kube ba.

Na biyu na tace shi, laka ta tsaya a baya.
Na uku na bi da shi ta siririn bututu
cike da ƙwayoyi launin zuma, ƙanana kamar gero,
masu cafke duk wanda ya zo shi kaɗai.
Wanda ruɓaɓɓen ganye ya rungume
sai ya wuce abinsa, ba mai taɓa shi.

Na ɗiga magani. Na jira.
Shuɗi ya taso a kwalba ta biyu, mai duhu.
A ta uku, da ƙyar.
Tazarar da ke tsakanin shuɗi da shuɗi,
ita na hau dutsen nan nema.

Na ce, tafkin tudu ruwansa kamar shayi ne,
gansakuka ta jiƙa shi shekara da shekaru.
Alminiyam na nan da yawa, amma a ɗaure,
kowanne da mai riƙe masa hannu.
Naka rafin fari ne tas, ba mai riƙo.
Ruwan sama mai tsami ya kwance shi daga dutse,
ya gangaro tsirara, yana neman inda zai liƙe.

Ya ɗaga kunnen kifi ɗaya da farce.
Inda ya kamata a ga ja,
majina ce fara ta toshe ko'ina.
Kifi ya shaƙe a tsakiyar ruwa.

"Me ya sa ba ku gani ba bara?"

Domin bara a mota muka kai ruwan birni.
Kwana biyu a kwalba, ya ɗumama,
tsaminsa ya sauka, ƙarfen ya sake riga,
muka auna wani ruwan dabam da sunan naka.
Ni na sa hannu a takardar.
Shi ya sa yau nake durƙushe a nan,
gwiwa cikin ƙanƙara.

Ya daɗe yana kallon hular.
Ya ce hukuma za ta zuba farar ƙasa a sama da gada.
Na ce a zuba, amma a kula da mahaɗa,
inda ruwa mai tsami ke karo da wanda aka gyara:
nan ne ƙarfen ke tsakiyar sauya kama,
nan ya fi dafi, na ɗan mintoci.

"Ashe har maganin ma."

Na rubuta lamba uku da fensir,
don tawada daskarewa take.
Ya mayar da kifin rafi ɗaya bayan ɗaya,
ya kakkaɓe hular, ya sa ta a jiƙe.
Ya tambaye ni ko zan dawo ranar Talata,
an ce za a yi ruwa.